Tuƙin Mota a Ƙasar Waje da Lasisin Gida

1.0 Gabatarwa

Bahaushe matafiyi ne tun fil'azal. A da da jaki da raƙumi yake fatauci zuwa Gwanja da Agadas da Tarabulus, yau kuwa da mota yake ƙetare iyaka. Kullum safiya motoci kan fita ta Jibiya su nufi Maraɗi, wasu su bi ta Illela zuwa Ƙonni, wasu kuma ta Kwangwalam zuwa Damagaram. Ban da waɗannan, akwai ɗalibai da ƴan kasuwa da ma'aikata da suke zaune a Turai da Amurka da Asiya, waɗanda yawancinsu suka bar gida da lasisin tuƙi a aljihu. Dukkansu tambaya ɗaya ce ke gabansu: shin lasisin da ƙasarsu ta ba su yana aiki a ƙasar da suka shiga?

Amsar a taƙaice ita ce yana aiki, amma da sharaɗi, kuma na wani ƙayyadadden lokaci. Abubuwa uku ne suke yanke hukunci a kan wannan al'amari. Na farko, yarjejeniyar da ke tsakanin ƙasar da ta ba da lasisin da ƙasar da ake tuƙi a cikinta. Na biyu, matsayin direban, wato ko baƙo ne mai wucewa ko kuwa ya zama mazauni. Na uku, inshorar motar da sauran takardunta. Wannan takarda za ta bi waɗannan abubuwa ɗaya bayan ɗaya, tare da misalai daga Afirka ta Yamma da wasu ƙasashen nesa.

2.0 Ma'anar Lasisi da Asalinsa

Hausa tana da kalmomi iri biyu a wannan fage, gwargwadon Turawan da suka mulki kowane ɓangare. A Nijeriya da Gana ana cewa lasisi ko lasin, da inshora, da kwastan, duk aro daga Ingilishi. A Nijar kuwa ana jin farmi, da asiransi, da duwan, da jandarma, waɗanda aka aro daga Faransanci. Direban da ke zirga-zirga tsakanin Katsina da Maraɗi yana amfani da duka biyun, ya danganta da shingen da ya tsaya.

Ko da wane suna aka kira shi, lasisi izini ne da hukumar wata ƙasa take ba mutum bayan ta gamsu ya iya tuƙi kuma ya san dokokin hanyarta. Ikon kowace hukuma kuwa a bakin iyakar ƙasarta yake ƙarewa. Saboda haka, da zarar direba ya ƙetare iyaka, lasisinsa ba ya da wani ƙarfi na kansa. Abin da yake ba shi daraja shi ne amincewar ƙasar da ya shiga, kuma ita ce take faɗin sharuɗɗan wannan amincewa.

Lasisi ya taso tare da mota. A shekarar 1888 hukumomin Baden ta ƙasar Jamus suka ba Karl Benz rubutaccen izini na tuƙa motar da ya ƙera. A 1893 ƴan sandan birnin Faris suka wajabta wa masu tuƙi mallakar takardar shaidar ƙwarewa, sannan a 1899 aka shimfiɗa wannan doka a faɗin Faransa. Birtaniya ta kafa dokar lasisi a 1903, amma sai a 1935 jarrabawar tuƙi ta zama tilas a can. A Nijeriya an kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato FRSC, a 1988, Farfesa Wole Soyinka ne shugabanta na farko, kuma ita ce ta tsara lasisi na bai ɗaya ga dukkan jihohi.

3.0 Yarjejeniyoyin Duniya Kan Tuƙi

Ƙasashen Turai ƙanana ne kuma a manne suke da juna, don haka su ne suka fara cin karo da matsalar direban da ya ƙetare iyaka. A 1909 aka ƙulla yarjejeniya ta farko a Faris. Daga nan ne aka samo al'adar liƙa haruffan ƙasa a bayan mota, kamar F ga Faransa da D ga Jamus. Daga baya ƙasashen Afirka ma sun sami nasu, alal misali RN ga Nijar, GH ga Gana, WAN ga Nijeriya. A 1926 aka sake wata yarjejeniya a Faris, wadda ta tsara lasisin ƙasa da ƙasa a matsayin takarda mai zaman kanta.

Yarjejeniyoyi biyu da suka biyo baya su ne ginshiƙin tsarin da ake bi. Ta farko an sanya mata hannu a Janiba ta ƙasar Suwizalan ranar 19 ga Satumba, 1949, ta fara aiki a 1952. Ta biyu an ƙulla ta a Biyana ta ƙasar Ostiriya ranar 8 ga Nuwamba, 1968, ta fara aiki a 1977. Kowace ƙasa tana da ƴancin shiga ɗaya, ko duka biyun, ko kuma ta ƙi shiga gaba ɗaya. Amurka da Japan suna bin ta 1949 kaɗai. Faransa da Birtaniya da Nijar da Nijeriya suna cikin duka biyun. Ƙasar Sin kuwa ba ta shiga ko ɗaya ba. Idan ƙasashe biyu duk suna cikin ta 1968, to ita ce take aiki a tsakaninsu, ta shafe ta 1949.

Sashe na 41 na yarjejeniyar Biyana shi ne ya yi magana kai tsaye kan lasisin baƙi. Ya ɗora wa ƙasashen da suka shiga nauyin amincewa da lasisin juna, matuƙar an tsara shi bisa fasalin da yarjejeniyar ta zayyana. Amma kuma ya bar musu ƙofofi. Ƙasa tana iya ƙin amincewa da direban da bai kai shekara 18 ba, ko da ƙasarsa ta ba shi lasisi. Tana iya hana wanda bai kai shekara 21 ba tuƙa babbar mota ko bas. Haka nan ba dole ba ne ta ci gaba da karɓar lasisin mutumin da ya dawo cikinta da zama. Sashe na 42 kuma ya ba ta ikon janye wa baƙo damar tuƙi a ƙasarta idan ya yi laifin da ya kai haka, ta riƙe lasisinsa har wa'adin ya cika ko ya bar ƙasar, sannan ta sanar da hukumar da ta ba shi.

4.0 Lasisin Ƙasa da Ƙasa

Babu takardar da ake yi wa mummunar fahimta a wannan fanni kamar wadda ake kira lasisin ƙasa da ƙasa, ko lasisin duniya. Sunan yana sa mutane su zaci wata babbar hukuma ce ta duniya take ba da shi, kuma ya fi lasisin gida daraja. Gaskiyar magana ita ce fassara ce kawai. Ɗan ƙaramin littafi ne mai bango ruwan toka, wanda aka kwafe bayanan lasisin gida a cikinsa da harsuna da dama, aka liƙa hoton mai shi, domin ɗan sandan da bai iya karanta lasisin na asali ba ya gane wane ne direban da kuma irin motar da aka yarje masa ya tuƙa.

Daga wannan ma'ana ƙa'idoji huɗu suka fito:

(a) Ba ya aiki shi kaɗai. Dole a nuna shi tare da lasisin gida. Idan na gida ya ƙare ko an soke shi, to littafin ma ya faɗi.

(b) Ƙasar da ta ba da lasisin gida ita ce take ba da shi, ta hannun hukumarta ko wata ƙungiyar masu motoci da ta amince da ita. Don haka tun kafin tafiya ake nemansa.

(c) Ba ya aiki a cikin ƙasar da ta ba da shi. Ɗan Nijar ba zai nuna wa jandarma littafin a kan hanyar Dosso a madadin farminsa ba.

(d) Yana da wa'adi. Samfurin 1949 shekara ɗaya yake yi. Samfurin 1968 yana iya kai wa shekara uku, sai dai idan lasisin gida ya riga shi ƙarewa.

Tun da samfurin biyu ne, wajibi ne matafiyi ya san wanne ne ƙasar da za shi take karɓa. Wanda ya isa Japan da samfurin 1968 tamkar bai zo da komai ba ne. Wanda ya je Sin kuwa, kowane samfuri ya riƙe ba zai amfane shi ba, sai ya nemi izinin tuƙi na wucin gadi daga hukumomin ƙasar. Wannan ya shafi ƴan kasuwar da ke zuwa Guwanzu sarin kaya.

Har ila yau, akwai masu sayar da kati mai ƙyalli a intanet, suna cewa lasisi ne da ke aiki a duk duniya na tsawon shekaru masu yawa, ba tare da jarrabawa ba. Majalisar Ɗinkin Duniya ba ta ba kowa lasisin tuƙi, kuma babu wani kamfani da yake da ikon yin haka da kansa. Wanda ya miƙa wa jami'i irin wannan kati yana iya ƙara wa kansa tuhumar amfani da takardar jabu a kan ta tuƙi ba lasisi.

5.0 Rukunonin Lasisi

Kowane lasisi yana ɗauke da harafi ko haruffa da suke nuna irin abin hawan da mai shi zai tuƙa. A tsarin yarjejeniyar Biyana, A na babur ne. B na motar da nauyinta da kayanta bai wuce kilo 3,500 ba, kuma kujerunta ba su wuce takwas ba ban da ta direba. C na motar kaya ce da ta haura kilo 3,500. D na motar fasinja ce mai kujeru sama da takwas. E kuwa ana haɗa shi da ɗaya daga cikin waɗancan haruffa idan motar tana jan tirela mai nauyi. Wannan shi ne tsarin da ƙasashen Turai suke bi, kuma kusan shi ne Nijar da sauran ƙasashen da Faransa ta mulka suka gada.

Tsarin Nijeriya daban yake. A da B sun yi kusa da na Biyana, amma daga nan sai hanya ta rabu. F na tarakta ne da injinan noma, G na tirela, H na manyan injinan aikin hanya irin su katafila, J kuma na masu naƙasa. Ke nan harafi ɗaya yana iya ɗaukar ma'ana biyu a ɓangarori biyu na iyaka. Direban tirela da ya fito daga Kano da harafin G yana riƙe da harafin da babu shi sam a tsarin Biyana, inda ake rubuta CE. A nan ne amfanin littafin ƙasa da ƙasa yake fitowa fili, domin yana mayar da rukunin gida zuwa haruffan da jami'in waje ya sani. Abin lura kuma shi ne lasisi ba ya ƙara girma don an ƙetare iyaka. Wanda aka ba izinin ƙaramar mota a gida, ƙaramar mota zai tuƙa a waje, ko da ya daɗe yana jan bas a tashar garinsu.

6.0 Bambancin Baƙo da Mazauni

Wannan shi ne wurin da ya fi kayar da mutane. Dokokin ƙasashe suna yi wa baƙo sassauci saboda ba zai daɗe ba. Amma idan mutum ya sami takardar zama, ya kama gida, ya fara aiki, sai a fara ƙirga masa kwanaki. Da wa'adin ya cika, lasisinsa na gida ya daina aiki a wannan ƙasa, ko da kwanan watan da ke jikinsa bai ƙare ba, ko da kuwa yana riƙe da littafin ƙasa da ƙasa sabo fil.

A Birtaniya, mai lasisin Nijeriya ko Nijar ko Gana yana iya tuƙa ƙaramar mota har tsawon wata 12 daga ranar da ya zama mazauni. Bayan haka sai ya nemi lasisin koyo, ya ci jarrabawar rubutu da ta tuƙi. Akwai jerin ƙasashen da ake musanya lasisinsu da na Birtaniya ba tare da jarrabawa ba, kamar Kanada da Japan da Afirka ta Kudu da Zimbabuwe, amma ƙasashe ukun da aka ambata ba sa ciki. Wanda ya ci gaba da tuƙi bayan wa'adin yana iya fuskantar tarar da ta kai fam 1,000.

A Jamus wa'adin wata shida ne kacal daga ranar da mutum ya kafa zama. Ana iya ƙara masa wata shida idan ya tabbatar da cewa zamansa duka ba zai wuce shekara ɗaya ba. Wanda ƙasarsa ba ta cikin jerin musanya dole ya zauna jarrabawar rubutu da ta tuƙi, ko da yake ba a tilasta masa cika yawan darussan da ake ɗora wa sabon mai koyo. Tuƙi bayan wa'adi laifi ne da kotu take hukuntawa da tara ko ɗaurin da zai iya kai wa shekara ɗaya.

A Faransa wa'adin shekara ɗaya ne. A cikin wannan shekara ake neman musanya, idan akwai yarjejeniyar musanya tsakanin Faransa da ƙasar direban. Idan babu, ko kuma shekarar ta wuce bai nema ba, sai jarrabawa. An yi wa ɗalibai rangwame: mai takardar zama ta ɗalibi yana iya tuƙi da lasisin ƙasarsa har ya gama karatu. Amma ranar da ya sauya takarda ya koma ma'aikaci, ranar ce aka fara ƙirga masa shekararsa. Hukuncin tuƙi ba lasisi a Faransa yana iya kai wa ɗaurin shekara ɗaya da tarar yuro 15,000.

A Amurka gwamnatin tarayya ba ta ba da lasisin tuƙi, aikin jihohi ne, kuma kowace jiha da dokarta. Kalifoniya kwana 10 take ba sabon mazauni ya nemi lasisinta, Niyok kuma kwana 30.

Akwai wata dabara da wasu suke yi wadda ba ta ɓullewa. Mutum yana zaune a Jamus ko Faransa, ya ga jarrabawar can da wuya da tsada, sai ya zo hutu gida ya karɓi lasisi ya koma da shi. Dokokin waɗannan ƙasashe ba sa amincewa da lasisin da aka samu a waje bayan mutum ya riga ya zama mazauninsu. Kwanan watan da aka ba da lasisin shi ne yake tona asiri, domin ana gwada shi da kwanan watan takardar zama.

7.0 Halin da Ake Ciki a Afirka ta Yamma da Maƙwabtanta

An kafa ƙungiyar ECOWAS, wadda ake kira CEDEAO a ƙasashe masu amfani da Faransanci, a Legas ranar 28 ga Mayu, 1975. Ranar 29 ga Mayu, 1979, shugabanninta suka sanya hannu a Dakar kan yarjejeniyar ƴancin zirga-zirga. Sashe na 5 na wannan yarjejeniya ya ce motar gida da aka yi wa rajista a wata ƙasar ƙungiyar tana iya shiga wata ta zauna har kwana 90, motar haya mai ɗaukar fasinja kuma kwana 15. Takardu huɗu aka buƙata: lasisin tuƙi mai aiki, da takardar mallakar mota, wadda a Nijar ake kira kart giris, da inshorar da ƙasashen ƙungiyar suka amince da ita, da takardar kwastan. Ma'ana, lasisin gida ne yarjejeniyar ta ambata. Duk da haka, littafin ƙasa da ƙasa yana rage gardama a kan hanya, musamman inda lasisin yake da Ingilishi, jami'in kuma Faransanci ya karanta.

Takardar kwastan, wadda direbobi suke kira lesefase, tana nuna cewa motar ta shigo ne na ɗan lokaci kuma za ta koma. Idan wa'adinta ya wuce ba a sabunta ba, kwastan suna ɗaukar motar a matsayin kayan da aka shigo da su ba a biya haraji ba, kuma suna iya kama ta.

Inshorar da ake nufi ita ce katin nan mai launin ƙasa-ƙasa da aka kafa da wata yarjejeniya a Kwatano ranar 29 ga Mayu, 1982, sakatariyarsa kuma tana Lome. An kwaikwayo shi ne daga koren katin da ƙasashen Turai suka fara amfani da shi a 1953. Yadda yake aiki shi ne kowace ƙasa tana da ofishin katin. Idan motar Nijeriya ta buge mutum a Gana, ofishin Gana ne zai karɓi ƙorafi ya bi kadin diyya, daga baya kamfanin inshorar Nijeriya ya biya ta hannun ofishin ƙasarsa. Diyyar wanda aka yi wa ɓarna kaɗai katin yake ɗauka, ban da gyaran motar mai shi. Daga 1 ga Janairu, 2023, hukumar inshora ta Nijeriya ta ɗaga kuɗin inshorar dole ta motar gida daga naira 5,000 zuwa naira 15,000, ta kuma haɗa katin a ciki. Amma ya rage ga mai mota ya nemi kamfaninsa ya ba shi shaidar katin kafin ya tashi, domin ita jami'in iyaka zai nema.

Kamaru da Chadi ba sa cikin ECOWAS, suna cikin ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Tsakiya, CEMAC, wadda take da nata katin mai launin ruwan hoda. Direban da ya bi ta Gamboru ya shiga Fotokol, ya zarce Kusuri da Njamena, ya fita daga hurumin katin ƙasa-ƙasa, don haka sai ya sayi wata inshorar a bakin iyaka.

Ranar 29 ga Janairu, 2025, ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS ta tabbata, bayan sun kafa ƙawancensu na AES. Tun a Disamban 2024 ƙasashen uku suka sanar cewa ƴan ECOWAS da motocinsu za su ci gaba da shiga ba tare da biza ba, bisa dokokin kowace ƙasa. Ita ma ECOWAS a ranar ficewar ta umarci mambobinta su ci gaba da karɓar fasfo da katin shaidar ƴan ƙasashen uku har zuwa wata sanarwa. Abin da ya canza shi ne tushen haƙƙin. A da yarjejeniyar 1979 ce ta ɗaure ɓangarorin biyu, bayan ficewar kuwa al'amarin ya rataya ne a kan sanarwar gwamnatoci, wadda sauya ta ya fi sauƙi. Saboda haka ya kamata direban da zai ƙetare iyakar Nijeriya da Nijar, mai tsawon kimanin kilomita 1,500, ya tambayi kamfanin inshorarsa da ƙungiyar direbobi ta tasharsa kafin kowace tafiya.

8.0 Dokokin Hanya

Amincewa da lasisin baƙo ba ta ɗauke masa bin dokar ƙasar da ya shiga. Hausawa sun ce baƙo ko da ido makaho ne, kuma rashin sani ba hujja ba ne a gaban alƙali.

Abu na farko shi ne hannun da ake bi. Ƙasashen da Ingila ta mulka sun gaji tuƙi ta hagu, na Faransa kuma ta dama. A Afirka ta Yamma ƙasashen Ingila suna kewaye da na Faransa, sai suka sauya ɗaya bayan ɗaya: Gambiya a 1965, Saliyo a 1971, Nijeriya ranar 2 ga Afrilu, 1972, Gana ranar 4 ga Agusta, 1974. Sudan ma ta koma dama a 1973. Wannan ya sa direba yana tashi daga Kano ya je Akara ko Yamai bai sauya hannu ba. Amma Birtaniya da Japan da Indiya da Kenya da Afirka ta Kudu ta hagu suke bi. Wuraren da baƙo ya fi mantawa su ne lokacin fitowa daga gidan mai, da shiga shataletale, da kan hanyar da babu wata mota a gaba da zai bi sawunta.

Abu na biyu shi ne dokar fifikon dama da ke cikin tsarin Faransa. A mararrabar da babu fitila ko allo, motar da ta ɓullo daga hannun dama ita ce da hanya, ko da kuwa daga ƙaramin titi ta fito. Direban da ya saba ganin cewa mai babban titi ne da hanya yana iya jawo karo, kuma shi za a ɗora wa laifi.

Abu na uku shi ne ma'aunin gudu. Birtaniya da Amurka da mil suke aunawa. Allon da aka rubuta 30 a Landan yana nufin kimanin kilomita 48 a awa, na 70 kuma kimanin kilomita 112. A Faransa iyakar gudu a babbar hanya kilomita 130 ce, tana sauka zuwa 110 idan ana ruwan sama, a cikin gari kuma 50.

9.0 Ranar da Haɗari Ya Auku

Mutum yana iya shekaru yana tuƙi da lasisin da ya daina aiki ba wanda ya tsayar da shi, har ya ɗauka babu matsala. Ranar haɗari ce ake bin takardu dalla-dalla. Kwangilar inshora tana ɗauke da sharaɗin cewa direba yana da lasisin da dokar wurin ta amince da shi. A tsarin Faransa, da kuma dokar inshora ta CIMA da ta samo asali daga yarjejeniyar Yawunde ta 1992, wadda Nijar da Kamaru da Chadi suke bi, kamfani yana biyan wanda aka raunata ko iyalan mamaci, sannan ya juyo kan direban ya nemi kuɗinsa. Diyyar rai ko ta naƙasa kuwa tana iya cinye duk abin da mutum ya mallaka. Ga wanda yake zaune a Turai ko Amurka akwai ƙarin asara, domin hukuncin kotu yana shiga tarihinsa, kuma ana iya duba shi ranar da ya je sabunta takardar zama ko neman zama ɗan ƙasa.

10.0 Kammalawa

Wannan takarda ta nuna cewa lasisin gida yana aiki a waje ne gwargwadon yadda ƙasar da aka shiga ta yarda, kuma yardar tana da wa'adi. Kafin direba ya tashi, akwai tambayoyi biyar da ya kamata ya sami amsarsu. Shin lasisinsa zai kai ƙarshen tafiyar bai ƙare ba? Wace yarjejeniya ƙasar da za shi take bi, kuma wane samfurin littafi take karɓa? Harafin da ke lasisinsa ya ƙunshi motar da zai tuƙa? A matsayin baƙo zai shiga ko mazauni, kuma daga wace rana ake fara ƙirga wa'adinsa? Inshorarsa da takardar kwastan sun ƙetare iyaka tare da shi? Ofishin jakadancin ƙasar da za a je, da hukumar lasisi ta gida, da kamfanin inshora, su ne wuraren da ake samun waɗannan amsoshi, kuma a rubuce ya fi kyau a karɓe su.